Zaman binciken tsarin gidaje na gundumarmu: an ce ba na cikin jerin masu magana

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Ingila. Na jima ban rubuta komai a wannan zaure ba, amma abin da na gani ranar Talata ya tsaya mini a rai. Majalisar gundumarmu ta miƙa daftarin tsarinta na gidaje da raya ƙasa, gwamnati ta turo sufeto ya bincike shi a bainar jama'a, ni kuwa na ajiye aikina na tuƙin bas na yini guda na tafi domin in faɗi abu ɗaya tak. Ni da iyalina mu shida ne a cikin ɗaki biyu na haya yau shekara bakwai, bangon ɗakin yara yana tsattsafo da danshi duk lokacin sanyi har fumfuna ta yi baƙi ƙirin a bayan gadonsu, kuma roƙona shi ne a ƙara yawan gidajen da ɗan haya zai iya biya. Da na shiga na tarar an haɗa tebura sun kewaye tsakiyar ɗakin, kowa da katin sunansa a gabansa, mai son magana sai ya tayar da katin tsaye, sufeto ya kira shi. Yawancin waɗanda ke teburin lauyoyi ne da wakilan kamfanonin gine-gine, kowanne da tulin takardu. Jami'ar da ke tsara zaman ta gaya mini cikin ladabi cewa sunana ba ya cikin jerin masu magana, sai dai in zauna a kujerun baya in saurara. Na zauna tun daga ƙarfe goma har la'asar, aka yi ta jayayya kan lissafin yawan gidaje da wata mahaɗar hanya, ban ji wanda ya ambaci ɗan haya ba. Shi ya sa nake cewa wannan zama da ake kira na jama'a yaudara ce, mai kuɗin ɗaukar lauya kaɗai ake saurara.

Alhaji Garba:
Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, Allah ya kawo maka mafita, ya ba yara lafiya. Sai dai ƙanena, kalmar yaudara ta yi nauyi, kuma musulmi ba ya jefa ta a kan mutane sai da hujja. Mayaudari shi ne wanda ya yi maka alkawari yana sane ba zai cika ba, ko ya nuna maka fari ya ba ka baƙi. Wa ya yi maka alkawarin za ka yi magana a ranar? Ina ganin ka janye wannan kalma tukuna, sannan mu tattauna.

Injiniya Hauwa:
Ina goyon bayan Baba Alhaji, kuma da yake aikina ya shafi wannan fanni, bari in yi bayani. Dokar tsare-tsare ta shekarar 2004 ita ce ta tanadi cewa dole a miƙa irin wannan tsari ga sufeto mai zaman kansa kafin majalisa ta amince da shi. Kafin a miƙa, ana wallafa daftarin ƙarshe a ba jama'a aƙalla mako shida su rubuto ra'ayinsu, kuma wanda ya rubuta a wannan lokaci yana neman a sauya wani abu a cikin tsarin, ya kuma nemi a saurare shi, shi ne doka ta ba haƙƙin zama a teburin. Aikin sufeto ba ƙirga masu so da masu ƙi ba ne. Yana duba ko an bi doka, sannan ya auna tsarin da ma'auni huɗu: ko an shirya shi domin biyan bukatar gidaje ta yankin, ko yana da hujjoji, ko zai aiwatu, ko kuma ya dace da manufar gwamnatin ƙasa. Yaya Baban Khalifa, da ka rubuta a cikin makonni shidan nan, da an ba ka kati kamar kowa ba tare da ka biya ko sisi ba. Ƙa'idar da aka wallafa kowa yana iya karantawa ba za a kira ta yaudara ba.

Sadiq:
Anti Hauwa, da girmamawa, wallafa ƙa'ida a shafin intanet da mai tuƙin bas ba zai taɓa buɗewa ba ita ce yaudarar. Kuma ga misali wanda ba a ɓoye yake ba. A gundumar Oxfordshire ta Kudu, a zaɓen watan Mayun 2019, jama'a suka kayar da 'yan jam'iyyar Conservative, 'yan Liberal Democrat da 'yan Green suka karɓi majalisa, kuma sababbin kansilolin suna shirin janye tsarin da suka gada. A watan Oktoba ministan gidaje na lokacin, Robert Jenrick, ya hana su taɓa shi, a watan Maris na 2020 kuma ya umarce su da su ci gaba da shi a gaban sufeto su amince da shi kafin ƙarshen shekara. Aka yi zaman binciken ta intanet saboda korona, mutane suka yi ta magana, a watan Disamba aka amince da tsarin, da dubban gidaje a Culham da Berinsfield da gefen birnin Oxford a kan filayen da a da aka hana gini. Idan minista ya riga ya sa ranar amincewa tun kafin a zauna, me aka kira jama'a su zo su yi? Idan wannan ba yaudara ba ce, a ba ni sunanta.

Injiniya Hauwa:
Sadiq, misalinka ya juya maka baya. Waɗancan kansiloli so suke a rage gidaje, Baban Khalifa kuwa so yake a ƙara, saboda haka umarnin ministan irin su Baban Khalifa ya yi wa amfani. Sannan ba gaskiya ba ne cewa sufeto yana buga hatimi kawai. A gundumar Uttlesford ta yankin Essex, a watan Janairun 2020, sufetoci biyu suka rubuta cewa hujjojin sababbin garuruwa uku da aka dogara da su ba su gamsar ba, majalisar ta janye tsarin gaba ɗaya bayan shekaru ana aiki a kansa.

Malam Tukur:
A matsayina na wanda ya koyar da Hausa shekaru da dama kafin in zo ƙasar nan, ina ganin duk kun ɗauki kalmar ba inda take ba. Yaudara tana bukatar niyyar ruɗin mutum da daɗin baki. Ha'inci shi ne tauye abin da aka ba ka amana, kamar mai tauye mudu. Zamba ita ce cin dukiyar mutum ta hanyar dabara. Abin da Baban Khalifa ya kwatanta ba ya cikin ukun nan, domin ba a ruɗe shi ba, ba a karɓi kuɗinsa ba, an dai tsara abu yadda marar ƙarfi ba zai kai gare shi ba. Wannan a Hausa danniya ake ce masa, ko kuma a ce an yi masa shigo-shigo ba zurfi.

Alhaji Garba:
Malam, shigo-shigo ba zurfi ai ita ma yaudarar ce aka sauya mata riga. Ba ka gyara ba, ka ƙara jiƙa aikin.

Malam Tukur:
Alhaji, ban yarda ba. Karin magana daban, tuhuma daban, kuma ban zo a koya mini harshen da na yi rayuwata ina koyarwa ba.

Baban Khalifa:
Don Allah iyayena da yayyena, ni ba fassarar kalma na zo nema ba. Tambayata ita ce, a cikin dubban gidajen da aka rubuta a daftarin, guda nawa ne mai albashi irin nawa zai iya shiga? Abin da gwamnati ke kira haya mai sauƙi yana iya kai kashi 80 cikin 100 na kuɗin hayar kasuwa, kuma a yankinmu wannan ma ya fi ƙarfina. Ko kason da aka yi alkawari, kamfani yana iya dawowa daga baya ya ce lissafin riba bai fita ba a rage masa. Wannan nake so a tattauna.

Maman Amira:
Ni ma kalmar ce ta dame ni, amma ta wata fuska. Idan akwai waɗanda aka yaudara, mu ne mazauna ƙauyuka. Ni na rubuta a kan lokaci, shafi huɗu na rubuta da hannuna 'yata ta buga mini, na haɗa da hotunan gonar da ke bayan gidanmu ranar da ruwa ya shanye ta har ya kai gwiwar maƙwabcina. An ba ni kati, na tayar da shi, na yi magana muryata tana rawa, sufeto ya gode mini ya rubuta wani abu, sai wani lauya ya ce za a haƙa tafkin tara ruwa, aka wuce batu na gaba. A ƙauyenmu sai ka yi makonni kafin ka ga likita, makarantar firamare ta cika, motar haya sau ɗaya take zuwa a awa. Ba gidaje muke ƙi ba, so muke a fara kawo asibiti da magudanar ruwa. Saboda haka kada Baban Khalifa ya ɗauka zama a teburin yana sauya wani abu.

Sadiq:
Hajiya, kowa ya san wannan magana. Duk wanda ya mallaki gida sai ya ce ba gidaje yake ƙi ba, wurin ne bai dace ba, kuma babu wurin da ya taɓa dacewa. Gidan da kike ciki shi ma gona ce kafin a gina shi. Kin haye tudun mun tsira, yanzu kina so a rufe ƙofa, alhali iyalai sama da miliyan 1.3 suna cikin jerin jiran gidajen hukuma a Ingila.

Maman Amira:
Sadiq, na haifi wanda ya girme ka. Shekara goma sha ɗaya ina aikin dare a gidan kula da tsofaffi kafin mu tara kuɗin ajiyar da banki ya nema, kuma har yau bashin muke biya. Ba ka san wahalar da na sha ba, kada ka sake yi mini irin wannan magana.

Dakta Nasir:
A bar Hajiya haka, laifin ba nata ba ne. Tushen matsalar shi ne dokar 1980 ta gwamnatin Margaret Thatcher wadda ta ba mazauna gidajen majalisu damar saye da rahusa, aka sayar da kusan gida miliyan 2 a Ingila ba a maye gurbin yawancinsu ba. Gwamnatin Labour ce a watan Disamban 2024 ta mayar da lissafin bukatar gidaje wajibi, ta ɗaga shi zuwa kimanin 370,000 a shekara, da burin gina miliyan 1.5 kafin zaɓe mai zuwa. Wanda ke neman mayaudara ya san inda zai duba.

Alhaji Garba:
Dakta, Labour ta yi mulki daga 1997 zuwa 2010, me ya hana ta soke dokar? Kuma da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da suka zo tun da wuri ta wannan doka suka samu rufin asiri, har da ni. Ba zan zauna a kira ta yaudara ba.

Dakta Nasir:
Ashe shi ya sa kalmar ta yi maka ɗaci tun farko, Alhaji.

Kabiru:
Ni mamaki kuke ba ni. A gida, tun dokar mallakar ƙasa ta 1978, filayen birni suna hannun gwamna, kuma mun ga yadda aka wayi gari a Kano a watan Yunin 2023 ana rusau. A nan an kira ku, an ba ku mako shida, an ajiye takardun kowa ya karanta, kuna cewa yaudara. A gode wa Allah.

Sadiq:
Yaya Kabiru, ba Kano ake magana ba, kuma kada ka shigo mana da siyasar jam'iyyarku ta bayan gida. Haraji muke biya a nan, a nan za mu nemi haƙƙinmu.

Injiniya Hauwa:
Yaya Baban Khalifa, kafin maganar ta ɓace: idan sufeto ya ba da shawarar manyan gyare-gyare, za a sake wallafa su a nemi ra'ayin jama'a, kuma kana iya rubutawa a kan gyare-gyaren. Ka turo mini saƙo in taya ka.

Baban Khalifa:
Na gode ƙanwata, zan turo. Amma kalmata tana nan, ban janye ba, kuma har yanzu babu wanda ya amsa mini tambayar gida nawa ne.

Alhaji Garba:
A matsayina na mai kula da wannan zaure, zan taƙaita abin da aka tattauna domin waɗanda ba su bi daga farko ba. Baban Khalifa ya je zaman binciken tsarin gidaje ba tare da ya rubuta ra'ayinsa a lokacin da doka ta tanada ba, shi ya sa ba a ba shi dama ba, kuma cikin ɓacin rai ya yi amfani da kalmar da ba ta dace ba. Injiniya Hauwa, wadda ita ce masaniyar fannin a cikinmu, ta tabbatar da hujjoji cewa babu yaudara a cikin lamarin, Malam Tukur ma ya nuna cewa ko a harshe kalmar ba ta hau ba, Kabiru kuma ya tuna mana ni'imar da muke ciki. Hajiya Maman Amira ta kawo koke na gaskiya kan ambaliya da ƙarancin likitoci, wanda a ganina shi ne batu mafi muhimmanci da aka taɓo yau, kuma ya kamata duk mai gida a cikinmu ya duba taswirar gundumarsa tun kafin lokaci ya ƙure. Maganganun siyasa da Dakta ya kawo ba su da alaƙa da batun. Sadiq zai nemi afuwar Hajiya a fili kafin ya sake rubutu a nan. Na rufe wannan tattaunawa, mai ƙarin bayani ya same ni ta waya bayan sallar isha'i.