Goyona yana wata na bakwai, har yanzu ban ga al'ada ba

Sabuwar Uwa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ɗana yana cikin wata na bakwai, ina shayar da shi dare da rana, amma tun da jinin biki ya ɗauke ban sake ganin al'ada ba. Ƙanwata da muka haihu kusan lokaci ɗaya, wadda take haɗa wa 'yarta nono da madarar gwangwani, tata ta dawo tun yarinyar ba ta cika wata uku ba. Shin wannan jinkirin alamar wata matsala ce, kuma zan iya sakin jiki cewa ciki ba zai shiga ba muddin ban ga jini ba?

Ungozoma Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ki kwantar da hankalinki, jinkirin ba ciwo ba ne. Duk lokacin da yaro ya kama nono yana tsotsa, jikin uwa yana ƙara fitar da sinadarin furolaktin mai samar da ruwan nono, kuma tsotson yana danne saƙon da ƙwaƙwalwa take aikawa domin ƙwai ya nuna ya fito. Idan ƙwai bai fito ba, galibi al'ada ba ta zuwa. Shi ya sa macen da ba ta shayarwa takan ga tata cikin mako 6 zuwa 8 bayan haihuwa, alhali mai shayarwa sosai tana iya shafe shekara, wata ma sai ta yaye.

Tambayarki ta biyu ce ta fi damuna. Tun a 1988 masana da suka taru a Belajiyo ta ƙasar Italiya suka amince cewa shayarwa tana hana ɗaukar ciki da kusan kashi 98 cikin 100, amma sai sharuɗɗa uku sun cika tare: yaro bai wuce wata shida ba, nono zalla yake sha ko kusan haka, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ana kuma so kada tazarar shan nono ta wuce awa huɗu da rana ko awa shida da dare. Ɗanki ya riga ya haura wata shida, kuma ina kyautata zaton ya fara cin abinci, saboda haka wannan kariyar ba abin dogaro ba ce yanzu. Ƙwai yana iya fita kimanin mako biyu kafin jinin farko, wato mace tana iya yin kwanika ba ta taɓa ganin al'ada ba tun haihuwarta. Idan kuna son tazara, ku je asibiti ke da maigida a ba ku shawarar hanyar da ba ta taɓa ruwan nono.

Uwar Biyar:
Duk abin da Baba Ungozoma ta faɗa haka yake, sai dai jiki ya bambanta. Ni nono zalla nake bai wa 'ya'yana, amma a goyona na ƙarshe al'ada ta dawo mini da wuri, da zarar yarinyar ta fara yin dogon barci da dare ba ta tashi ta sha. Zuwan farko ya yi yawa, sannan ta riƙa tsallake wata kafin ta daidaita. Abin da nake so in ja hankali a kai shi ne masu cewa nonon mai al'ada ya lalace, a janye yaro. Wannan magana ba ta da tushe. Ruwan yana iya ɗan raguwa na 'yan kwanaki, ɗanɗanonsa ya ɗan sauya har yaro ya yi ƙyuya, amma ba ya cutar da shi, kuma yawan ba shi nonon ne yake dawo da ruwan.

Ungozoma Mai Ritaya:
Na gode da wannan ƙarin, ƙanwata. Ita kuma mai tambaya, idan ta ji tashin zuciya, ko kan nono ya fara yi mata zafi, ko ruwan ya ragu ba dalili, ta yi gwajin ciki. Wadda ta yaye har wata uku ba ta ga al'ada ba, ko wadda ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa sannan nono bai zo ba kuma al'ada ta ƙi dawowa, ita ce ya kamata ta ga likita ba tare da jinkiri ba.