Me za mu kira "prefs" da Hausa?

Jama'a, ina rubutu kan gasar muhawara ta jami'o'in Amurka, sai wata kalma ta tsayar da ni cak: prefs.

A manyan gasanni irin su NDT, wadda aka fara a makarantar hafsoshin soja ta West Point a 1947, da gasar CEDA, ƙungiyar muhawara da aka kafa a 1971, kowace tawaga ta mutum biyu kan shiga shafin intanet na Tabroom kafin gasa, ta jera alƙalai daga wanda ta fi so zuwa wanda ba ta ƙaunar gani. Wannan jerin shi ake kira prefs. Kaɗan daga cikin alƙalan tana iya soke su gaba ɗaya. Kwamfuta ce ke lalubo alƙalin da tawagogi biyun da za su kara suka ajiye a matsayi kusan ɗaya.

Wani ɗan'uwa ya ce mu kira shi "zaɓen alƙali". Na ƙi, domin mai karatu zai ɗauka tawaga ce ke nuna alƙalinta da yatsa, alhali jeri kawai take bayarwa. Na tsaya kan "jerin fifiko". Tsarin gaba ɗayansa kuma "alƙalancin yardar juna".

Inda na fi shan wahala shi ne sunan yadda ake juya tsarin don amfanin kai. Koci zai zauna ya karanta bayanin da kowane alƙali ya rubuta kan irin hujjar da yake karɓa, ya bi tarihin hukuncinsa. Masu muhawara kan manufofin gwamnati su tura alƙalan da ke sauraron hujjojin falsafa da na wariyar launin fata can ƙasa, ɗaya ɓangaren ya rama. Wani ma ya san alƙali adali ne, amma ya sauke shi don ya hango abokan karawarsa za su ɗaga shi, lissafin ba zai haɗa su a gabansa ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin ɗalibi zai iya shekara huɗu yana magana gaban waɗanda suka riga suka karkata gare shi.

An ba ni shawarar "maguɗi", amma maguɗi karya doka ne, nan kuwa ba dokar da aka taka. "Kutungwila" ta yi nauyi, tana nuna makirci kan wani mutum. "Dabara" kuma ta wanke abin fes.

Ni dai "wayon jeri" na rubuta, tunda a bakinmu wayo na iya zama yabo, yana iya zama zargi. Malamai, in akwai wadda ta fi ta zama daram, ku kawo.