Cassa da gwame mun san su, to rashitizim fa mi za mu ce mashi?

Salama alaikum ƴan uwa, ina neman kalma. Ƙafar da ta buɗe gwiwoyi sunka nisanta muna ce mata cassa, wasu su ce ƙafar baka, wadda gwiwoyi ke gogar juna kuma gwame. Amma cutar ƙashin yara da lokotoro ke rubutawa rashitizim a karnen asibiti ba mu da sunanta, sai uwa ta taso tun daga Tibiri ko Madarunfa a ce mata rashitizim, ta koma gida ta ce ai cassa ce. Wasu cikinku sun riga sun kawo shawarar suna, ga ra'ayina a kai.

Kuma ba abu guda ba ne. Kusan kowane jariri da ƴar cassa ake haihuwa tai, tana miƙewa wajen shekara 2, daga nan sai gwame ya biyo, ya fi fitowa a shekara 3 zuwa 4, kamin shekara 7 ƙafa ta daidaita da kanta ba magani ba komi. Goyo bai kawo ta, don Allah a bar ɗora ma uwaye laifi. Rashitizim kuwa ƙashi ne bai samu kalsiyom ko bitamin D yadda ya kamata ba, sai ya kasa ɗaukar nauyin yaro ya lanƙwashe, za ka ga wuyan hannu ya kumbura, ƙulle-ƙulle a haƙarƙari, maɗiga ta daɗe ba ta rufe ba, haƙora da tahiya duk sun makara.

Malam da ka ce mu ce tamowa, gafarta, ban yarda ba. Mu nan Maradi mun san tamowa sarai, kuma yaro na iya zama ɓul-ɓul ga kumatu amma rashitizim na jikinshi. Hajiya ta kawo ciwon ƙashi, shi kuma ya yi faɗi da yawa, tsohuwa mai sanyin ƙashi ma shi za ta ce.

Mai cewa rashin rana ne ke kawo cutar, tunda rana ke sa jiki ya samu bitamin D, ya duba zahin Maradi tukuna. Binciken da anka yi a Jos, wanda ya fito a 1999, ya nuna yaran can rashin kalsiyom a abinci ne babbar matsalarsu, kuma da anka ba su kalsiyom ƙashin ya warke. Yaron da anka yaye bisa kunu da tuwon hatsi, hura ba nono sai ruwa da tsamiya, ina zai samu kalsiyom?

Taushin ƙashi da wata yayarmu ta kawo shi ya fi kwanta mani, don ya faɗi ainihin abin da ke faruwa. Matsala guda, yawancinmu salula ba ta da ƙ mai lanƙwasa, in an rubuta taushin kashi uwa za ta zaci maganar zawo ake. Shi ya sa na ce mu tsaya ga taushin ƙasusuwa, ko ba lanƙwasa ba ya ruɗa kowa.

Da shi ana iya gaya ma uwa kai tsaye: in cassa ta wuce shekara 3, ko ƙafa guda ce kaɗai ta karkace, ko tana ƙaruwa, ko yaro na kukan ciwo, a kai shi a yi radiyo, wato hoton ƙashi, a duba ko taushin ƙasusuwa ne. Ƙafar da ta riga ta lanƙwashe sosai ana aikinta a asibitin CURE na Yamai. Masu aiki a CSI, wato ƙananan asibitocinmu, ku gwada kalmar ga mata ranar awo ku dawo ku shaida mamu ko ta shiga kunne.