Don Allah ta yaya zan rage kalmomi a rubutun Turanci ba tare da ma'ana ta lalace ba?

Maman_Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Taimako nake nema, ina rubuta abstrak, wato taƙaitaccen bayanin bincike, na aikin digirina na biyu, an ce kar ya wuce kalma 250, ni kuma nawa 410 ne, kwana uku kenan ina gaban kwamfuta, duk jimlar da na kalla sai in ga kamar in na taɓa ta aikin zai rushe. Malamin da ke duba min ya ja layi da jan biro a kusan rabin shafin ya rubuta "wordy" a gefe, bai ƙara komai ba. Ga jimlar farko: "This research work was carried out in order to make an investigation into the various different factors that are responsible for girls dropping out of school." Wallahi ni ban ga abin da ya yi yawa ba.

TsohonMalami:
Wa alaikumus salam 'yata. Ƙirga jimlar nan taki, kalma 26 ce. To duba wannan: "This study investigates why girls drop out of school." Kalma 9, kuma babu abin da kika faɗa da ya ɓata, kin samu 17 daga jimla ɗaya tak.

Babbar cutar da ke cikinta ita ce kin ɗauki aikatau kin mayar da shi suna, sannan kika nemo wani aikatau mara ƙarfi ya goya shi. "Investigate" ya zama "make an investigation into", haka "decide" ke zama "take a decision", "analyse" ya zama "carry out an analysis of". Ki bi rubutun da biro, duk kalmar da ta ƙare da -tion ko -ment ki tsaya ki duba ko aikatau ne aka binne a ciki, in shi ne ki tono shi. "Various different" kuma abu ɗaya ne kika faɗa sau biyu.

Kuma ba laifinki ba ne ke kaɗai, mu malamai muna da namu kason. Shekaru na yi ina shirya yara jarabawar WAEC, insha'in kalma 450 ake so, yaro abin faɗarsa ya ƙare a 200, sai ya koyi ciko, mu kuma mu ba shi maki, haka zai tafi da ɗabi'ar har jami'a yana ganin tsawo shi ne iya Turanci.

Abu_Sadiq:
Aunty ki buɗe fayil ɗin ki danna Ctrl+F ki farauci waɗannan: "due to the fact that" ki sa "because", "in order to" ya koma "to", "at this point in time" ai "now" ne kawai, "a large number of" kuma "many". Sai 'yan biyun da muke so a Najeriya, "return back", "repeat again", "each and every", ɗaya ya isa.

Ni a ofis na koya, duk wasiƙa sai na fara da "I am writing this letter to humbly inform you that", ogana ya ce in fara daga bayan "that" ɗin. Da farko na ji kamar rashin ladabi ne, saboda mu a Hausa ba a faɗa wa magana haka kai tsaye, sai an yi gaisuwa an yi shimfiɗa, kuma a wajenmu daidai ne, amma mai karanta abstrak sakamako yake nema. Su kansu masu yaren suna fama fa, a Ingila akwai ƙungiyar Plain English Campaign mai fafutukar sauƙaƙa Turanci tun 1979, a Amurka har doka aka yi a 2010 cewa hukumomin gwamnati su riƙa yi wa jama'a rubutu a sauƙaƙe.

Hajiya_Edita:
Duk na yarda, amma ƙanwata a yi hattara da aski kar ya taɓa kunne. Akwai ƙananan kalmomi da ke ɗauke da gaskiyar bincike. In abin da kika samu "poverty may contribute to dropout" ne, kika mayar "poverty causes dropout" don ki rage kalma biyu, kin yi iƙirarin da alƙalumanki ba su tabbatar ba, kuma ranar difens, wato ranar kare aikinki gaban malamai, a nan za a kama ki. Haka "the" da "a", na sha ganin ɗalibai sun kwashe su don lissafi ya cika, rubutun ya koma kamar saƙon tes. Ki fara da manya tukuna: duk jimlar da ke bayanin abin da kowa ya sani, irin su ilimi gishirin zaman duniya ne, ki cire ta ɗungurungum. Ki bar manufa, hanyar bincike, abin da kika gano, da shawara. Sai ki karanta a bayyane, kunne na jin nauyin da ido ya tsallake.

Maman_Iman:
Allah Ya saka muku da alheri. Baba na tono aikatau har guda bakwai, Hajiya na cire jimla biyu na gabatarwa, "may" ɗina kuma yana nan ban taɓa ba. Yanzu ina 262. Saura 12, bari in sauke girki in karanta shi a bayyane, in sun ƙi fita zan liƙo muku sakin layin ƙarshe a nan.