Muhawara: In an tafasa ruwa, an gama magana ke nan?

Mai gyaran famfo: Jama'a, ga maganar da ake ta yawo da ita: "Duk ruwan da aka tafasa lafiyayye ne, ba sai an kai shi gwaji ba." Ni dai ina bayanta. Ai a gundumomin Amurka ma, da babban bututu ya fashe, sanarwar hukuma ke nan: a bar ruwa minti 1 yana tafarfasa, minti 3 in garin yana kan tudun da ya haura mita 2,000.

Mai gwajin ruwa: Malam, sanarwar nan ta ƙwayoyin cuta ce. Bututu in ya fashe ƙarfin ruwa yana faɗuwa, ƙazanta ta samu hanyar shiga. Wuta tana kashe abu mai rai, to dalma rai gare ta? Tururi ne ke tashi, dalma da sinadarin naitiret suna nan kwance a tukunya. Lita 2 ta ƙone ta koma 1, ka ninka ƙarfin gubar.

Likitar yara: Naitiret ɗin nan daga takin zamani da masai yake tsiyaya cikin rijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka miligiram 50 a lita. In ya haura aka dama wa jaririn da bai kai wata 6 ba madara da shi, jininsa ya kasa ɗaukar iska yadda ya kamata, leɓe ya yi shuɗi.

Mai gyaran famfo: Na ji, Likita. Amma lalataccen ruwa ai ido na gani. Na garin Flint a Amurka ja-ja ya riƙa fitowa.

Injiniya: Jan nan tsatsar ƙarfe ce, Malam. Narkakkiyar dalma ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. A Afrilun 2014 hukumomin garin suka koma ɗibar ruwa daga kogin Flint, ba su zuba sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba, ɓawon da ya lulluɓe cikin tsofaffin bututun ya zube, dalmar jikinsu ta shiga ruwa. Mai tsohon bututu ya bar ruwa ya zuba na wasu mintuna in ya kwana a ciki, kada ya sha ko ya yi girki da na ɓangaren zafi, ya sa matata mai shaidar ingancin tace dalma ta NSF 53, ya riƙa canza cikinta kan lokaci.

Amma a ba mai gyaran famfo gaskiyarsa. A garin Milwaukee na Amurka, 1993, mutum wajen 400,000 suka kamu da gudawa daga wata ƙwayar cuta da kulorin, sinadarin tsabtace ruwa, ba ya iya mata. Tafasawa kuwa tana kashe ta.

Mai gwajin ruwa: Masu rijiyar gida su ne abin ji, don dokar ruwan sha ta Amurka ta 1974 ba ta shafe su ba, babu mai zuwa ya duba musu. Su kai gwaji duk shekara, da kuma bayan ambaliya. Na dalma kuma ruwan farko ake tara a kwalba, wanda ya yi aƙalla awa 6 a bututu ba a buɗe famfo ba.