Editin: ni dai "ɗinki" nake gani, ba "tacewa" ba

1/ 'Yan uwa ku taho mu warware maganar editin ɗin nan. In fim ɗin Kannywood ya ƙare sunaye suna hawa, za ka ga an sa "tacewa" ko "tace hoto" gaban sunan edita, ni kuma wallahi kalmar ba ta kwanta mani ba ko kaɗan.

2/ Tace dai tana da masu ita. Tun 2001 da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Kano, in ka ce ma mutum an tace fim, abin da zai zo mashi a rai shi ne an cire rawa ko wani abu da ya saɓa ma addini da al'ada. Mi zai sa aiki biyu su riƙa cin suna ɗaya?

3/ Kuma aikin edita ya wuce cire abu. Ai ba a ɗaukar fim bi da bi yadda muke kallo, in aka je lokeshan duk fitowar da ta shafi gidan ake ɗaukewa, ko da ta farkon labari ce da ta ƙarshe, kuma fitowa ɗaya a ɗauko ta daga nesa, a matso kan fuskar jarumi, a juya kan jaruma, wani ya manta maganarshi a sake, haka za a kwaso gutsattsarin nan birjik a zube ma edita. Shi zai zaɓa, ya jera, ya daidaita murya da baki, ya san inda zai yanke kafin mai kallo ya gaji.

4/ Wani ɗan Rasha, Kuleshov, ya taɓa gwadawa: fuskar mutum ɗaya ya haɗa da kwanon miya, ya sake haɗa ta da akwatin gawa, masu kallo suka ga yunwa a nan, baƙin ciki a can, alhali fuskar ba ta canza ba. Jerin ne ya haifi ma'anar.

5/ Shi ya sa na ce ɗinki. Tela ya yanka yadi ya haɗa ya zama riga. Da can ma da hannu ake yanka zaren fim ɗin a liƙa, hoto 24 na tafiya a daƙiƙa ɗaya, yanzu ne manhajoji irin su Premiere Pro suka karɓi aikin a kwamfuta.

6/ Wani yayana a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura ya ce a'a, "haɗa hoto" ya fi. Na ce Yaya ku yi haƙuri, ina sauti? Kuma haɗa hoto yanzu hoton bogi yake kawo ma mutane a rai.

7/ Ku gwada a baki: fim ɗin yana wajen ɗinki, maɗinkin fim ɗin ya iya aiki, ɗinkin nan ya yi sauri. Mai ɗinka kayan 'yan wasa kuma sunanshi na nan tela, ba za a rikita su ba.

'Yan fim na Katsina da Daura, ku da ke zama gaban kwamfutar, za ku iya amsa sunan maɗinki?