Mu shida za mu fita da babura daga Kano zuwa Rano da Tiga, me ya kamata mu tanada?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum. Mu shida ne muke shirin fita yawo da babura ranar Asabar a farkon Disamba. Niyyarmu mu bi ta Karfi, Bunkure, Rano, mu yanki Rurum zuwa Tiga, sannan mu dawo ta titin Zariya. Boxer huɗu ne, Haojue ɗaya, sai roba-roba ɗaya. Ba kwalta kaɗai muke so ba, za mu riƙa sauka burji da hanyoyin ƙauye. Yini ɗaya ya isa? Me za a duba a jikin babur, me za a ɗauka, kuma mai lita nawa?

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Yini ɗaya ya isa, amma kowa ya kai babur ɗinsa gareji tun ranar Laraba ko Alhamis. Kada a yi gyara daren Juma'a, domin notin da yaron gareji ya manta bai ɗaure ba, sai an yi kwana biyu ana hawa yake nuna kansa.

A fara da cen. Ɗora babur a kan tsayuwar tsakiya, ka tura cen da yatsa daga ƙasa, tsakanin sifoket biyu. Wasansa ya zama santimita 2 zuwa 3. In ya yi sako-sako, a gargada zai faɗi, wani lokacin ya maƙale ya ƙame tayar baya. In kuma an ɗaure shi tamau, shokazoba tana nutsewa zai ja ya tsinke, ko ya cinye boris. Dubi haƙoran sifoket: in sun yi tsini sun karkata gefe ɗaya, a canza cen da sifoket tare, sabon cen a kan tsohon sifoket asarar kuɗi ne. Kada kuma a lafta masa giris. Giris da ƙurar hunturu in sun haɗu, su ne ke cinye cen. Ɗan baƙin mai kaɗan, a goge sauran da tsumma.

Baƙin mai 20W50, Boxer ba ya cin fiye da lita 1. In an jima ba a juye ba, a juye. Matatar iska ita ce mutane suka fi mantawa da ita, kuma ita ce za ta fi shan wahala a wannan tafiya. In ta soso ce, a wanke da kananzir, a matse, a shanya, a ɗiga mata baƙin mai a murza har ya ratsa ko'ina. In ta takarda ce, ba a wanke ta, kakkaɓewa ake yi ko a sa sabuwa. Wadda ta toshe za ta sa babur ya riƙa shaƙewa, ya sha mai, filogi ya yi baƙi.

Iskar taya: Boxer geji 25 gaba, 28 baya, 32 in da goyo. A auna da safe kafin taya ta yi zafi. A bubbuga wayoyin wili da sifana, wadda ta yi ƙarar daban ta saki ne.

Kayan ɗauka ba sai kowa ya ɗauki nasa ba, ku raba. Tib biyu, na gaba da na baya (karanta lambar da ke jikin tayarka, na roba-roba daban ne), faci da gam, famfon hannu, ƙarfen cire taya biyu, sifana 8, 10, 12, 14, 17 da wadda ta dace da notin wilin baya, filaya, sukudireba, filogi biyu da sifanarsa, kebul ɗin kuloc, makullin cen, igiya mai ƙwari da tsohuwar robar tib ta ɗaure kaya. Ku tabbatar akwai mutum ɗaya a cikinku da ya taɓa cire wilin baya da hannunsa, in ba haka ba kayan nauyi ne kawai.

Abban Sadik:
Oga ya gama maganar gyara. Batun mai: zuwa da dawowa da ratse-ratsenku bai fi kilomita 170 ba. Tankin Boxer kusan lita 11 ne, ko a mummunar hanya lita 1 za ta kai ku kilomita 40, don haka cika tanki ɗaya ya wadatar. Roba-robar ce tankinta ƙarami, mai ita ya ƙara a gidan mai a Rano. Ku guji man 'yan bumburutu in ba dole ba. In babur ya fara tari yana ɗaukewa bayan an zuba irin wannan mai, ruwa ne ko datti. A rufe makunnin mai, a kwance sukurun da ke ƙasan kafireta a tsiyaye, a buɗe mai ya ɗan zuba, a mayar.

Amma da lokaci za ku yi lissafi, ba da kilomita ba. A burji mutum shida ba sa wuce kilomita 25 zuwa 30 a awa in an haɗa da tsaye-tsaye, kuma faci ɗaya na cin minti 30 zuwa 40 a hannun wanda ba sana'arsa ba. Ku tashi ƙarfe 7, bayan gari ya waye sosai, saboda sanyi da hazo. Azahar ta same ku a Tiga. Ƙarfe 3:30 kun hau kwalta. A Disamba wajen ƙarfe 6 rana take faɗuwa a Kano, kuma titin Zariya da magariba, da tireloli da ƙura da fitilar babur, ba wurin wasa ba ne.

Jerin tafiya: wanda ya san hanya a gaba, mai roba-roba ko wanda bai ƙware ba ya biyo shi, mai kayan gyara a ƙarshe. A kwalta kada ku jeru kafaɗa da kafaɗa. A burji ku bar tazara har ƙurar na gabanka ta lafa, don ramin da ƙura ta rufe ba ka ganinsa sai ka faɗa. A kowace mararraba na gaba ya tsaya har ya ga na bayansa.

Yashi shi ke ka da mutane. Rage gudu tun kafin ka shiga, sa giya 2, matsa baya a kan kujera, riƙe totur daidai ba ƙari ba ragi, idonka can gaba. Kan babur zai riƙa rawa, ƙyale shi, kada ka ƙanƙame. Ka taɓa birkin gaba a yashi, ka tafi ƙasa. In yashin ya yi tsawo, ku rage iska zuwa 18.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Abban Sadik, a nan kam ban bi ka ba. Rage iska na taimakawa a yashi, gaskiya ne, amma waɗannan tayoyi masu tib ne, kuma ƙasar Rano da Rurum duwatsu ne. Taya mai ƙarancin iska in ta daki dutse, wili yana datse tib wuri biyu gefe da gefe, faci ba ya kama irin wannan da kyau. Sannan tayar na iya zamewa a kan wili ta fizge bakin tib, shi kuwa ba ya faci sam. Wanda zai rage kada ya sauka ƙasa da 22, kuma yana fita daga yashin ya sa famfo ya mayar. Yashin da bai fi taku hamsin ba, sauka ka tura da giya 1 ya fi sauƙi.

Malam Na-Bunkure:
Ku ƙara da waɗannan. Dokar hana goyo a babur a cikin birnin Kano tana nan tun 2013, kowa ya hau nasa. Takardun babur, lasisi da katin shaida su kasance a aljihu. Hular kwano, takalmi rufaffe, safar hannu, tabarau. Babbar riga ko jallabiya mai jan ƙasa a bar ta gida, cen da wayar wili na kama ta. Ruwan sha lita 2 kowane mutum, don a hunturu ba ka jin gumi amma jiki na bushewa.

Babura shida a jere cikin ƙauye a wannan zamani abin tayar da hankali ne ga mutane. Ku rage gudu tun daga bakin gari, ku buɗe fuska, ku yi sallama. In 'yan sintiri sun tsayar da ku, ku kashe inji, mutum ɗaya ya yi bayani. Kada ku zarce wajen dajin Falgore, Tiga ta ishe ku.

Yankin Kura da Bunkure na noman rani ne, ruwan madatsar Tiga da aka gama a 1974 shi ke bin magudanan. Inda ruwa ya malalo kan hanya, laka ce mai santsi a ƙasa, kuma birki in ya jiƙe ba ya kamawa sai ka yi 'yar tafiya kana ɗan taka shi ya bushe. Lokacin girbi ne kuma, za ku tarar an shanya shinkafa a gefen titi, kada a taka. Garken shanu a burtali, tsayawa ake yi a kashe inji, ba a yin hon. A Tiga ku nemi izinin masu gadi kafin hoto kusa da ginin madatsar, kuma kada kowa ya shiga wanka.

Ɗan Gwale:
Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: in wani babur ya mutu gaba ɗaya a daji, ya za a ja shi?

Abban Sadik:
Kafin ja a duba uku: mai na sauka, filogi na ba da wuta, makashin inji ba a kashe yake ba. In dole sai ja, igiya kamar mita 4, a ɗaure ta a kariya (wurin ɗora kaya na baya) ta babur ɗin da zai ja. Ɗaya bakin a naɗa shi sau ɗaya a tsakiyar kan babur ɗin da ya mutu, mai shi ya danne da hannu a kan mariƙi, kada a ƙulla, don ya iya saki in abu ya taso. Giya a furi, gudu kada ya wuce 20, kuma na baya ne ke fara taka birki a gangara. Iyakar ja zuwa gari mafi kusa ne, daga nan a nemi akori-kura.